Share Sawu a Kwamfuta: Tsakanin Rufin Asiri da Cin Amana

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama gaban kwamfutar da jama'a ke tarayya a kanta, ko a ofishin sashe, ko a ɗakin karatu, ko a shagunan buga takardu na bakin ƙofar jami'a, ya san cewa na'urar nan tana da ɗabi'ar tsegumi. Da zarar mutum ya buɗe manhajar rubutu, sai ta jero masa sunayen fayilolin da waɗanda suka riga shi zama suka buɗe, ba tare da ya tambaye ta ba. Akwai hanyar share wannan jeri, akwai kuma ta hana shi bayyana baki ɗaya, kuma ko wacce ba ta wuce danna maɓalli biyu ko uku ba. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne matsayin wannan ɗan ƙaramin aiki a ma'aunin ɗa'a. Shin wanda ya share sawunsa rufin asiri ya yi, ko kuwa ha'inci?

Mene ne ake sharewa?

Tun a shekarar 1995, lokacin da kamfanin Microsoft ya fito da Windows 95, na'urar ta fara ajiye jerin takardu 15 na ƙarshe da aka buɗe. A 2009 Windows 7 ta ba kowace manhaja nata jerin, sannan a 2015 Windows 10 ta kawo shi fili, inda ido zai fara sauka idan an shiga ma'ajiyar fayiloli. Manufar ita ce sauƙaƙa wa mai aiki, don kada ya yi ta lalube kafin ya koma kan aikin da ya bari jiya.

Abin da ke cikin jerin ɗan manuni ne kurum, mai ɗauke da sunan fayil da wurin da yake da lokacin da aka taɓa shi. Idan aka share shi, fayil ɗin yana nan daram, tamkar a cire allon da ke nuna hanyar wani gida, alhali gidan na tsaye. Bugu da ƙari, na'urar kan bar irin wannan alama a wurare da dama, kuma ƙwararrun masu binciken laifuka sun san yadda ake tono su. Ke nan share jerin nan daidai yake da sakin labule: yana kare mutum daga idon mai wucewa, amma ba ya tsare shi daga mai bincike da gangan.

Hujjar masu zargi

Masu kallon wannan aiki da idon tuhuma suna da hujjar da ba a raina ta. Sukan ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In da gaskiya mutum ke tafe, me zai sa ya bi bayansa da tsintsiya? A ganinsu, ɓoyewar kanta shaida ce.

Raunin wannan hujja shi ne ta haɗa sirri da laifi a tukunya ɗaya. Mu ɗauki ɗalibin da ya buga wasiƙar roƙon a ɗaga masa lokacin biyan kuɗin makaranta, ko ma'aikaciyar da ta buɗe sakamakon gwajin asibiti, ko malamin da ya rubuta takardar neman aiki a wata jami'a. Babu ɗayansu da ya zalunci kowa. Amma sunan fayil kaɗai ya isa ya tona talaucin wannan, da cutar waccan, da niyyar wancan, a gaban mutanen da za su ci gaba da haɗuwa da su kullum. Wanda ya share jerin a irin wannan hali mutuncinsa ya tsare.

Al'adarmu ma ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan batu, kuma da tubali ta rubuta shi. Gidan Bahaushe na gargajiya yana da zaure inda baƙo ke tsayawa, daga nan sai shigifa, sai tsakar gida, sai ɗakunan da ba kowa ke shiga ba. Ba mu taɓa jin an ce mai gida ɓarawo ne don ya karkata ƙofar zaurensa yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba. Mukan yi wa juna addu'ar Allah Ya rufa asiri, mukan kuma ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A Musulunci, aya ta 27 ta Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane.

Dokokin zamani ma haka suka tafi. A 1890 wasu lauyoyin Amurka biyu, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka wallafa maƙalar da ta yi fice wajen kare haƙƙin mutum na a ƙyale shi da sirrinsa, a daidai lokacin da kyamara da jaridu suka fara kutsawa cikin rayuwar mutane. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta tarho, kuma a 2023 aka kafa dokar kare bayanan jama'a.

Inda sharewa ke zama cin amana

Duk da haka, ba kowane sawu ne mallakar mai ƙafa ba. A 1973, ana tsakiyar binciken badaƙalar Watergate, aka gano an goge kimanin minti 18 da rabi daga ɗaya daga cikin kasakasan da ke naɗe maganganun ofishin shugaban Amurka Richard Nixon. Wannan shiru ya ƙara masa nauyin zargi, kuma a watan Agustan 1974 ya ajiye mulki. Babu wanda ya kira gogewar nan rufin asiri, domin abin da aka faɗa a ofishin, a kan aikin ofishin, jama'ar ƙasar na da haƙƙi a kansa.

Mu sauko da misalin kusa da gida. A ce jami'in jarrabawa ya buɗe fayil ɗin makin ɗalibai bayan an tashi aiki, ya ƙara wa wani, ya rage wa wani, sannan ya share jerin don kada a san an buɗe. Maɓallin da ya danna shi ne dai wanda ɗalibin nan mai wasiƙar roƙo ya danna. Na'ura ba ta san bambancinsu ba, amma mu mun sani: ɗalibin ya rufe abin da yake nasa, jami'in kuwa ya ɓatar da shaidar da ɗalibai ɗari za su nemi haƙƙinsu da ita.

A laccarsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa gaskiya da kunya da amana cikin siffofin da ake auna mutum da su. A batunmu, kamar gaskiya na cewa a bar komai a buɗe, kunya kuwa na cewa a rufe. Amana ce ke raba gardamar, domin ita ke tambayar sawun na wane ne, kuma wa zai cutu idan ya ɓace.

A cikin gida ne ma'aunin ke yin wuyar riƙewa. Uba na da haƙƙin sanin abin da ɗansa ɗan shekara 10 ke buɗewa, tunda tarbiyyarsa amana ce a wuyansa. Amma haƙƙin nan raguwa yake yi yayin da yaro ke girma. Tsakanin miji da mata kuwa, ranar da ɗaya ya fara bin jerin ɗaya a ɓoye, ɗayan kuma ya fara sharewa don tsoro, to yarda ta riga ta tsage, kuma ba a kwamfuta za a ɗinke ta ba.

Kammalawa

Mun ga cewa share sawu halas ne ga wanda sawun yake nasa, cin amana ne kuma ga wanda aka damƙa wa haƙƙin wasu. Sai dai akwai nauyin da ya rage a kan mu masu zama bayan wani ya tashi. Sau da yawa wanda ya riga mu bai san da jerin ba, ko sauri ya hana shi sharewa. Idan idonmu ya faɗa kan sunan fayil ɗinsa, ya kamata mu yi abin da baƙo mai tarbiyya ke yi idan iska ta ɗaga labule: mu kawar da kai, kada mu buɗe, kada kuma mu kai labarin majalisa. Sassanmu su ma suna da nasu aikin, wato ba kowane ma'aikaci mashigarsa da kalmar sirrinsa a kwamfutar ofis, tare da adana tarihin fayilolin maki da na kuɗi yadda mutum ɗaya ba zai iya goge shi ba. Da haka mai sirri zai sami labulensa, mai haƙƙi kuma ya sami shaidarsa.