Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake so mu yi nazarinta tare da mai karatu a wannan fitowa. Idan mutum ya manyanta, ƙarfi ya fara ja da baya, me ya fi dacewa ya yi da kayan da ya shafe shekara hamsin ko sittin yana tarawa? Ya riƙe abinsa har ranar da ta Allah za ta kasance, magada su ji da shi, ko kuwa ya rage da hannunsa tun yana gane fuskar wanda yake miƙa wa? Abin da ya jefa ni cikin wannan tunani ɗakuna biyu ne a gidanmu na Unguwar Tudu, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, ɗaya na ƙanen kakana, ɗaya na kakata wadda ta haifi mahaifina.

Ƙanen kakan nan nawa, wanda muke ce wa Baba Malam, mutum ne mai tsentseni da kamun kai, amma bai yarda a taɓa masa kaya ba, ko shara ba a yi masa sai yana tsaye. Bayan rasuwarsa da aka zo rabon gado, aka buɗe adakarsa guda biyu da gafakokin littattafansa. Manyan rigunan da ya ajiye don ranar fita kunya, har da wata kore da ba a taɓa ganinsa da ita ba, asu ya gama da su. Littattafan da ke ƙasa gara ta yi gini a cikinsu, ga shi kuma wasu daga ciki na aro ne, ba wanda ya san masu su. A cikin wani gwangwani aka sami takardun naira a ɗaure, waɗanda suka daina aiki tun canjin kuɗi na watan Afrilun 1984, tare da sulalla na kafin zuwan naira a 1973. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ciwo shi ne wata takarda da aka rubuta da ajami game da wata gona, gara ta cinye rabinta, ya zama ba a san ko jingina ce ko sayarwa ba. Magana ta kai gaban alƙali, kuma gidaje biyu da suka haɗa kaka suka yi shekaru ba sa zuwa sunan juna.

Kakata, Iya, tana zaune a gefe ranar da aka buɗe wannan ɗaki, ba ta ce uffan ba. Da kaka ta yi aka gama shigar da dawa rumbu, sai ta sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta ce a sauko mata da jerenta. Wanda ya san ɗakin tsohuwar Bahaushiya ya san abin da nake nufi: kwalla da langa da fanteka da kumbo an ɗora su bisa juna har kusa da rufi, ga tasoshi da aka goge suna ƙyalli, ga ƙore da faya-fayai na zamanin da aka kawo ta amarya. Na ce mata, "Iya, lafiya? Ko tashi za ki yi ki bar ni?" Ta harare ni ta ce, "Kai dai maigidan nan ka cika surutu. Ka ga abin da gara ta yi wa Malam? To, ni ba zan bar wa gara gado ba, ba ta cikin 'ya'yana." Kwana uku tana kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ba shi abu, sai ta gaya masa inda ta same shi. Wannan tasa da kuɗin ƙuli-ƙuli aka saye ta, waccan kwalla gudummawar ƙawarta ce wadda ta rasu wajen haihuwa. Ta bai wa marainiyar jikanyarta mafi yawan kwanukan don aurenta, ta bai wa yarinyar da ta riƙa tun tana goye, ta aika wa wata maƙwabciya da gobara ta yi wa ɓarna. Abin da ya rage ta miƙa wa dillaliya, da kuɗin ta biya wasu 'yan basussuka, ta sayi alawayyo da turare ta ajiye a ƙarƙashin gado.

Kafin mu yi saurin yabon Iya da zargin Baba Malam, ya kamata mu yi wa tsofaffinmu adalci, domin tara kayan nan da suke yi ba hauka ba ne. Mutanen da suka ga farin 1973, suka ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, suka sake ganin wani farin a 1984, sannan suka ga yadda darajar naira ta zube daga 1986, ba za a gaya musu amfanin ajiya ba. Ga mace kuwa, jere shi ne bankinta. Ba na miji ba ne, ba ya da ikon taɓa shi, in aure ya mutu da shi za ta fita, in yaro ya kwanta ciwo cikin dare ta zari langa guda ta ba dillaliya, in 'ya ta isa aure daga nan za a fara haɗa mata kayan ɗaki. Kwano ba ya mutuwa don gwamnati ta canza launin kuɗi. Haka shi ma namiji, babbar rigarsa da littattafansa su ne shaidar cewa ya zo duniya ya yi wani abu. Saboda haka idan tsoho ya ƙanƙame kayansa, sau da yawa tsoron wulaƙanci ne yake damunsa, kuma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To amma ajiya don wata rana ake yin ta, kuma hankali shi ne mutum ya tambayi kansa ko ranar tana gaba ko ta riga ta wuce. Matar da ta aurar da 'ya'yanta kaf, wace 'ya kuma take tara wa kwano? Malamin da idonsa ya daina ganin rubutu, wa littafin da ke cikin gafaka yake karantar? Kowane abu da aka ƙera akwai aikin da aka yi shi dominsa, riga don a sa, tukunya don a ɗora, littafi don a buɗe. Idan ya daina yi wa mai shi wannan aiki, alhali ga wani a gidan ko a maƙwabta yana neman irinsa bai samu ba, to ajiyar ta tashi daga tanadi ta koma tauye amfani. Daga nan kuma sai al'amari ya juya, ya zama mai kaya ne yake yi wa kayansa bauta: shi ne kakkaɓa, shi ne shanya, shi ne kwana da kunne ɗaya don tsoron ɓarawo, shi ne zargin jikoki duk ran da murfi ya ɓata.

Wani zai ce, ai shari'a ta riga ta raba gado, Suratun Nisa'i ta fayyace rabon kowa, mene ne na wahalar da kai? Gaskiya ne, kuma ba mai ja da wannan. Sai dai rabon gado yana bin nasaba da aure ne, akwai kuwa mutanen da suke da hakki a zuciyar mutum amma ba su da kaso a takardar alƙali. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ɗan 'ya mace ba ya cin gadon kakansa. Jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa, baffanninsa suna kare shi. Agola ba ya gado, ɗan riƙo ba ya gado, balle almajirin da ya shekara goma yana ɗebo wa tsohuwa ruwa. Marainiyar jikanyar Iya da na ambata, da an jira rabon gado, ko cokali ba za ta samu ba. Ƙofa biyu ce kawai aka bar wa irin waɗannan, wasiyya da kyauta. Ita wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Ita kuwa kyauta, duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓa ya riƙe. Idan mai bayarwa ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma cikin gado, idan kuma ya bari sai da ciwon ajali ya kwantar da shi, kyautar ta shiga hukuncin sulusi. Wato ita kanta shari'a tana nuna wa mai niyyar bayarwa ya yi tun yana da lafiya. Maganar nan ta "ai na ce in na mutu a ba wance," wadda ba shaida ba rubutu, ita ce ta raba zumunci a gidaje da yawa.

Bugu da ƙari, akwai bambanci tsakanin abin da mutum ya karɓa daga hannun mai shi da wanda ya faɗo masa a kaso. Ranar rabon gado kuɗi ake yi wa komai, a ce wannan tasa nawa, waccan riga nawa, kowa yana duban na ɗan'uwansa. Amma tasar da Iya ta miƙa da hannunta ta tafi da labarinta, har yau wadda ta karɓa ba ta kiranta da wani suna sai "tasar Iya," kuma ba ta ɗauko ta ba tare da ta yi mata addu'a ba.

Duk da haka, wannan hanya tana da nata ramukan, kuma rashin faɗarsu ha'inci ne. Na farko, kada rage kaya ya zama dabarar hana wani magaji hakkinsa. Mun sha ganin dattijon da ya tattara abin hannunsa ya bai wa 'ya'yan mowa, ya bar na bora da kallo, ko ya mallaka wa maza gonaki don kada mata su samu. Labarin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da 'yan'uwansa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kai, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Na biyu, kada mutum ya tsiraita kansa. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya ya nemi ya sadaukar da mafi yawan dukiyarsa, ba a yarje masa ya wuce sulusi ba, don kada ya bar magadansa suna roƙo. Idan an kula da magada haka, shi mai dukiyar da yake raye ai ya fi cancanta kada ya wayi gari yana roƙon abin da jiya nasa ne. Iya ba ta taɓa tumakinta ba, ba ta kuma ba da 'yan kunnenta na zinariya ba. Da wata jikarta ta yi mata maganarsu, cewa ta yi, "Waɗannan su ne 'ya'yana na ranar da 'ya'ya suka yi nisa."

Na uku kuwa ya shafe mu ne, mu 'ya'ya da jikoki. Yau za ka ga yaro ya dawo daga Kano ko Abuja da 'yan kuɗinsa, ya shiga ɗakin uwarsa ya ce wannan tarkace duk a fitar, a kira 'yan gwangwan su auna, zai sa mata kujeru da kabad. Yana ganin gata ya yi mata, alhali tarihinta ya ɗora a sikeli. Rage kaya yana zama alheri ne idan mai su ne ya ga dama. Namu shi ne mu zauna mu tambaya, mu saurari labarin kowane abu, mu rubuta abin da ya kamata a rubuta, musamman bashi da jingina da amanar mutane, a gaban shaidu. Sau da yawa tsoho yana sakin kaya da kansa idan ya tabbata ba za a sake shi ba.

Wannan damuwa ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasar Suwidin wata dattijuwa mai suna Margareta Magnusson ta fitar da littafi a 2017 kan al'adar mutanensu ta share gida kafin mutuwa, don kada a bar wa na baya wahala, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama. Sai dai mu ba sai mun je aro ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bayan an ci nasarar jihadi, ya danƙa tafiyar da mulki a hannun ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello tun yana raye, ya koma ga karantarwa da rubutu har ya rasu a Sakkwato a 1817. Wanda ya iya sauke ƙasa guda daga kansa, me zai ce da mu da muka kasa sauke adaka?

Iya ta yi shekara shida a duniya bayan wannan rabo, a ɗakin da iska take shiga, tana karɓar baƙi a kan tabarma. Ranar da ta cika, ba a nemi likkafani a kasuwa ba, ba wanda ya taso da maganar bashi, abin da ta bari kuma aka raba shi tsakanin azahar da la'asar ba tare da an ɗaga murya ba. Ni da nake wannan rubutu furfura ta fara yi mini sallama, ga kwalaye na littattafai da tsofaffin jaridu da na yi shekaru ban buɗe ba, kuma na san ɗaliban da suke nemansu. Na fara ware su, ina rubuta sunan wanda zan kai wa a bangon kowanne, na kuma gano guda huɗu da ba nawa ba ne. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu ikon mayar da amana ga masu ita, ya sa mu cika da kyau da imani, amin.