Kantin Faifai: Sadaka ko Biyan Bashi?

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe kasuwanni, kantin sayar da faifan waƙa na Amoeba Music da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ya nemi gudummawar jama'a don kada ya durƙushe, masu sha'awar kiɗa kuwa suka amsa kira. Abin tambaya a nan shi ne, ya dace a yi wa ɗan kasuwa ajo? Ai riba ya fito nema, kuma da ya samu ba zai raba da kowa ba. Ga marayu da marasa lafiya, duk sun fi shi buƙata.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma a ganinmu ta ɗauki gudummawar a matsayin sadaka, alhali kuwa ta fi kama da biyan bashi. Mai irin wannan kanti yakan adana faifan da ba ya tafiya shekara da shekaru, ya karɓi na sabon mawaƙin da manyan kamfanoni ba su san da zamansa ba, ya nuna wa yaro abin da ya cancanci saurare, duk ba tare da an biya shi ko kwabo ba. Mu ma mun ci irin wannan moriya a wurin masu sayar da kaset, waɗanda ta hannunsu waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo suka shiga ƙauyuka da zanguna. Da wayar hannu ta karya kasuwarsu, muka wuce ta gaban rumfunansu, kowa da waƙar a aljihu.