Allurar sa ba ta kare ba ce

Ɗana, kai da ke kiwo a ƙasar Tasawa da Mayahi, ba ni aron kunnenka. Na san idan damina ta ja baya, ko layya ta ƙarato, ba a rasa kwalbar maganin tsutsar ciki a ɗakinka. Ka yi wa raguna, ka yi wa jajayen awakinmu na Maraɗi, duk daidai ne. Inda gabana ke faɗuwa shi ne bayan an gama: ga ragowa a sirinji, ga kare kwance gindin rumbu, ƙazuwa ta cinye masa kunne, kaska ta cika masa wuya, sai wani ya ce, "Kawo a tsira masa sauran, ai magani ne." Tausayi ne ya sa, ban musa ba. Amma ragowar nan tana iya zama ajalinsa.

Ɗauko kwalbar ka duba. Yawancin allurar tsutsa da ake sayarwa a kasuwanninmu, daga Maijirgi har Kanan Bakashe, ibamektin ce, wadda wasu ke kira Ivomec. Magani ne mai albarka: tun 1981 ake yi wa bisashe shi, kuma masana biyu da suka gano shi, ɗaya daga Japan ɗaya a Amurka, sun sami lambar Nobel a 2015. Sai dai an haɗa shi da ƙarfi ne don manyan dabbobi. Kowane mililita 1 yana ɗauke da miligiram 10, kuma rabon kilo 50 ne na nauyin dabba. Sa mai kilo 250, mililita 5 ke nan. Karen gidanka fa? Da wuya ya wuce kilo 15. Idan ka zuba masa awon wancan san, ka ninka masa abin da nauyinsa zai ɗauka sau 16 da ɗoriya. Ɗan kwikwiyo mai kilo 2 kuwa, da wannan lissafin, rabonsa bai wuce ɗigo guda ba. Wane hannu ne zai auna ɗigo guda da ƙaton sirinjin shanu, a bakin garke, ana sauri?

Maganin yana kashe tsutsa ne ta hanyar shanye mata jijiyoyi. Ƙwaƙwalwar kare tana da shingen da ke tare shi, amma idan ya yi yawa sai ya tsallake, kuma shingen kwikwiyo bai yi ƙwari ba tukuna. Cikin sa'o'i, wani lokaci sai washegari, za ka ga baƙin idon kare ya buɗe wangalam ko a tsakar rana, yana karo da turmi kamar bai taɓa sanin gidan ba, yana tangaɗi, yawu na dalala, jiki na karkarwa. Daga nan sai kwanciya, sai suma.

A nan ne ake yi masa zalunci na biyu. Yara su ga yawu su ce kare ya haukace, a fito da sanduna. Haukan kare gaskiya ne, kada ka kai hannu bakinsa, kada ka bar yara kusa. Amma ka fara tambaya: wa ya yi masa allura jiya? Wa ya ga yana lasar inda magani ya zube, ko yana cin kashin dabbar da aka yi wa? Ta nan ma yana shiga.

In ta tabbata maganin ne, kada ka ɗura masa nono ko mai kamar yadda aka saba yi wa wanda ya ci guba. Maiƙo yana ƙara wa hanji saurin tsotse wannan magani, kuma karen da ba ya cikin hayyacinsa yana iya shaƙewa. Ka sa shi a inuwa, ka riƙa juya shi, ka ɗauki kwalbar ka nufi ofishin kiwo ko likitan dabbobi mafi kusa. Babu makarin da ke warware shi nan take, sai jinya da ƙarin ruwa. Ka yi haƙuri da shi: da yawa sukan tashi bayan kwanaki, har makantar ma takan washe.

Ƙwayoyin nan ma na albendazol, ta tumaki mai miligiram 300 da ƙatuwar ta shanu mai 2500, kada ka gutsura masa cikin tuwo. Suna iya taɓa ɓargon da ke haifar da jini, suna lalata cikin karya. Lebamizol ma, wani maganin tsutsar, tsakanin awonsa da gubarsa tazara kaɗan ce.

Wannan dabba ita ke kwana a waje tana tsare maka garke alhali kana barci, tana da haƙƙi a wuyanka. In ƙazuwa ta kama karenka, kai shi a auna nauyinsa, likita ya zaɓi maganin da awon. Ranar da za a yi wa bisashe allura, ka ɗaure shi nesa, ka rufe abin da ya zube da ƙasa, ka rataye kwalbar da sirinjin can sama inda shi da yara ba su kaiwa.