Tokar Da Ake Bari a Kan Tsauni

A yammacin Amurka, inda Duwatsun Roki suka miƙe daga Niu Meksiko har cikin Kanada, akwai hanyoyin burji da ke rabuwa da kwalta su kutsa daji. Wanda ya bi ɗaya daga cikinsu yana hawa, iska na ƙara sanyi, dogayen itatuwa masu ganye kamar allura na ƙara matsowa, zai riƙa cin karo da wani abu jefi-jefi a gefen hanya. Ɗan fili ne da ƙafa da tayar mota suka daɓe, a tsakiyarsa an jera duwatsu sun yi da'ira, faɗinta bai wuce taku ɗaya ba. Fuskar duwatsun ta ciki ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ta waje kuwa tana nan da launin da Allah ya halicce ta. A tsakiya toka ce da guntayen gawayi. Babu allo, babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗi. Wannan murhu shi kaɗai ne shaidar cewa ɗan Adam ya taɓa kwana a wurin, shi ne kuma ke gaya wa sabon zuwa cewa shi ma yana iya sauke kaya.

Ƙasar ta jama'a ce. Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1905 zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, tana riƙe da eka kusan miliyan 193. Hukumar kula da filaye ta BLM, wadda aka kafa a 1946, tana riƙe da kusan miliyan 245, mafi yawansu a jihohin yamma da Alaska. A galibin waɗannan filaye, ɗan ƙasa da baƙo duk suna iya yada zango nesa da sansanonin da aka gina, ba tare da biyan ko sisi ba. Sharaɗin da aka fi sani shi ne kwana 14. A filayen BLM da yawa, wanda ya cika kwana 14 cikin 28 sai ya tattara ya matsa kimanin kilomita 40, domin kada ziyara ta koma zama. Ba famfo, ba makewayi, ba kwandon shara. Ruwan da mutum zai sha shi zai hau da shi, sharar da ya tara shi zai sauko da ita. Ana so ya kafa tantinsa kimanin mita 60 daga ƙorama, wato wajen taku 70 na baligi, in kuma zai kama ruwa ya yi nisa haka nan, ya haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 ya binne.

Wa ya gina murhun? Ba a sani ba. Wani ne ya iso wata yamma, ya sunkuya ya ɗauko duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ya share busasshiyar ciyawa, ya shata wa wuta iyaka tun kafin ya kunna ta. Ya tafi, wani ya zo ya gyara dutsen da ya goce, wani ya kwashe tokar da ta yi yawa. Ba su san juna ba, ba za su taɓa haɗuwa ba, amma kowannensu ya ji ɗumin aikin wanda ya riga shi.

Malaman daji suna roƙon a yi amfani da tsohon murhu, kada a gina sabo, kuma suna da dalili. Masu nazarin wuraren zango sun lura cewa mafi yawan ɓarnar da ake yi wa ƙasa tana faruwa ne a kwanakin farko. Wurin da aka daɗe ana kwana ya riga ya daɓe, ƙarin dare ɗaya ba ya ƙara masa wani lahani mai yawa. Amma ciyawar da ba a taɓa takawa ba, kwana kaɗan sun isa su kwantar da ita, wuta kuma ta gasa ƙasar da ke ƙarƙashinta ta kashe iri da saiwa. A can sama lokacin tsiro gajere ne, dusar ƙanƙara na rufe ƙasa rabin shekara ko fiye. A Kolorado, daga wajen tsayin mita 3,500 itatuwa ke ƙarewa, sai 'yan tsirrai masu manne wa ƙasa waɗanda sawun ƙafa kan ɗauke su shekaru gommai kafin su farfaɗo. Duk da haka sau da yawa a kan tarar da murhu uku ko huɗu a fili ɗaya, kowanne taku kaɗan daga ɗan'uwansa. Tsohon bai lalace ba. Kawai dai zuciyar ɗan Adam ce ba ta cika son zama a kan abin da wani ya fara ba, ko murhu ne, ko rijiya, ko ginin makaranta da wanda ya gabace shi a kujera ya bari a rabi.

Inda babu mai gadi, halin mutum ne ke gadi, kuma ana ganin sakamakon a ƙasa. A kwarurukan da ke kewaye da garin Crested Butte na Kolorado, a cikin gandun dajin Gunnison, masu zango sun yi yawa har ciyayi suka koma filin ajiye motoci, murhu ya bazu ko'ina, ƙazanta ta kai bakin ƙoramu. Tsakanin 2020 da 2021 hukuma ta sauya tsari. Aka keɓe wurare fiye da 200, aka kafa wa kowanne lamba da murhun ƙarfe, aka hana kwana a ko'ina sai a nan. Babu mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ya jawo. Kowa ya ɗan matsa da motarsa kan ciyawa, kowa ya ɗan bar leda ɗaya, har sakewar da kakanni suka mora ta ƙuntata a kan jikoki.

Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a murhun nan shi ne tokar da ke tsakiya. Da safe tana kwance fara-fara, laushi kamar gari, ba hayaƙi, ba ƙara. Ido ya gan ta ya ce wuta ta mutu. Sai dai Ubangiji ya yi toka da wata ɗabi'a mai ban mamaki: tana hana iska isa ga garwashi da yawa, tana kuma hana zafinsa fita. Saboda haka garwashin ba ya ci da sauri ya ƙare, ba ya kuma hucewa. Yana nan a rufe, yana ci a hankali, awanni, wani lokaci kwanaki. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin ashana ta wadata. Sukan rufe rushi da toka da dare, da asuba su tona su hura, a ɗora koko, har maƙwabciya ta aiko yaro ɗiban wuta. Abin da ya zama rahama a madafa shi ne ke zama bala'i a kan tsauni, domin a can ba mai tonawa sai iskar la'asar. Ita ce ke yaye tokar, ta hura garwashin, ta ɗauki tartsatsi ta tsallake duwatsun da shi zuwa busasshen ganye.

Shi ya sa hanyar kashe wutar zango take da matakai da ake nanata wa kowa. A kwarara ruwa har sai ƙarar cuwat ta daina. A sa shebur a juya toka da gawayi, a kankare guntayen itacen da ba su gama ci ba. A ƙara ruwa, a sake juyawa har abin ya zama taɓo. Sannan a kai bayan hannu kusa, a ji. In da sauran ɗumi, ba a gama ba. Tura ƙasa a kai kawai ba ya wadatarwa, don wutar na iya ci gaba a ƙarƙashi, ta kama saiwar itace, ta ɓulla a wani wuri bayan mai zango ya daɗe da isa gida.

A ƙarshen watan Mayun 2011, wasu 'yan'uwa biyu suka yada zango a dajin Bear Wallow da ke tsaunukan gabashin Arizona. Da safe suka girka abinci, suka yi shirin fita yawo a ƙafa. Kafin su tafi, ɗayansu ya jefa ledar alewa cikin murhu. Ba ta narke ba, sai suka ɗauka wuta ta mutu, suka kama hanya. Gobarar da ta tashi daga wurin ranar 29 ga Mayu, wadda aka sa wa suna Wallow, ta ci eka fiye da 538,000, wato sama da murabba'in kilomita 2,100. Ta tsallaka cikin Niu Meksiko, ta ƙone gidaje 32, ta kori dubban mutane daga garuruwa irin su Alpine da Greer da Eagar, ba a shawo kanta ba sai a watan Yuli. Ita ce gobarar daji mafi girma a tarihin jihar. Daga baya kotu ta ɗora wa mutanen biyu diyyar dala miliyan 3.7.

Abin lura a labarin shi ne, mutanen nan ba mugaye ba ne, kuma ba su tafi haka kawai ba. Sun gwada. Sun damu da wutar har suka nemi shaida. Matsalar tana cikin irin gwajin da suka zaɓa. Ledar alewa ta sauka a saman toka, inda dama sanyi yake, ta ba su amsar da suke so su ji don su samu su tafi. Gwaji ne da ba ya ɓata hannu, ba ya cin ruwa, ba ya jinkirta tafiya, kuma in akwai wuta, leda ce za ta ƙone. Gwajin da malaman daji ke koyarwa kuwa yana sa mutum ya durƙusa, ya tona, ya miƙa fatarsa. In akwai sauran zafi, shi zai fara ji kafin daji ya ji.

Haka mutane ke tashi daga wutar da suka kunna a tsakaninsu. Miji ya faɗa wa matarsa magana mai zafi da dare, da safe ya ga ta kawo abinci, ta amsa gaisuwa, sai ya jefa ɗan barkwanci. Ta yi murmushi, ya ce shi ke nan, ya wuce, ya saɓa riga ya fita. 'Yan'uwa su yi rabon gado, ƙarami ya yi shiru, babba ya kira shi a waya ranar Sallah, ya ji muryarsa lafiya lau, ya ce magana ta mutu. Abokan kasuwanci su rabu a kan lissafin da bai fito ba, su ci gaba da musabaha a masallaci. A duk waɗannan an jefa leda, kuma ba ta narke ba. Kunya da kawaici da girmama na gaba su ne tokar, halaye ne masu kyau, su ke sa a zauna lafiya a gida ɗaya, amma suna rufe zafi kamar yadda suke rufe hayaƙi. Sai shekaru sun shuɗe, wata iska ta taso, wata 'yar magana a wurin biki ko zaman makoki, sai a ga gobara ta kama zuri'a guda, har 'ya'yan da ba a haifa ba lokacin da aka kunna ta su daina gaisawa. Sai kowa ya riƙa mamakin yadda ƙaramin abu ya jawo haka, alhali garwashin ya daɗe a wurin.

Tonawa ba daɗi. Wanda ya je ya zauna ya ce, don Allah gaya mini gaskiya, abin da na faɗa ran nan yana nan a ranki? to ya shirya jin abin da zai ƙona shi. Zai ji laifinsa da bakin wani, dalla-dalla, da abubuwan da ya manta ya yi. Juya toka yana tayar da tururi da ƙauri, har ya zama kamar an ƙara ɓata lamarin. Tururin nan kuwa zafin ne ke fita, kuma ba shi da wata hanyar fita sai wannan.

Akwai kuma batun ruwa. Murhun da aka kwana ana hura shi ba ya mutuwa da kofi ɗaya, yakan ci bokiti, wani lokaci fiye. A zangon da ba famfo, wannan ruwa sai an hau da shi tun daga ƙasa, a jarka, da nauyinsa. Mutane da yawa kan lissafa na sha da na shayi da na wanke kwano, su manta da na kashe wuta, sai da safe su tsaya da ragowar gora a hannu suna yayyafawa. Ƙwararrun masu zango kan ware ruwan kashewa kafin su kyasta ashana, in kuma babu shi, su haƙura da wutar su kwana cikin bargo. A lokacin fari ma hukuma kan hana kunna wutar itace gaba ɗaya. Mutumin da ya san ba shi da haƙurin ba da haƙuri, ba shi da ƙarfin zuwa gidan wani ya sunkuyar da kai, ya kamata ya yi wannan lissafi tun maganar tana bakinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta barci, bayan wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare. Umarnin a kan wutar gida yake, amma lokacin da ya zaɓa abin dubawa ne: kafin barci, tun mai wutar yana kusa da ita, tun tana cikin murhunta.

Mai karatu, in akwai wanda kuka yi sa-in-sa da shi, ka ɗauka ta wuce don kawai ya amsa sallamarka, kada ka aika saƙon waya, kada ka aika yaro da goro. Ka taka da ƙafarka a makon nan, ka zauna, ka tambaye shi, ka bar shi ya gama magana ko da ta yi zafi.