Awar Ma'aikaci Da Mudun Mai Masana'anta

 Akwai wani kuka da ya daɗe a bakin masu masana'antu, ko a Sharaɗa da Bompai ta Kano, ko a Kakuri ta Kaduna, cewa wai ma'aikacin da ake biya bisa awa ba ya taɓuka abin kirki sai idan helma na tsaye a kansa, da ya juya baya sai hira da gyangyaɗi. Shin laifin wane ne, kuma mene ne maganin abin?

Malaman fiƙihu, a babin ijara, sun raba ma'aikaci gida biyu. Akwai wanda ake biya bisa aikin da ya gama, kamar tela ko marini, wannan shi ne mai jinga. Akwai kuma wanda ake biya bisa lokaci, wato ya sayar da awanninsa ga mutum ɗaya. Ma'aikacin masana'anta yana cikin kashi na biyu. Tun da lokaci ne hajarsa, to, awa ita ce mudunsa. Idan ya karɓi ladan awa 8 alhali ya yi aikin awa 5 da gangan, ya tauye mudu, kuma Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ke cika awo in zai karɓa, ya rage in zai bayar. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Lokacin sallar farilla haƙƙinsa ne, ba mai hana shi, amma mai da sallar Azahar hutun awa guda ha'inci ne da aka lulluɓe da rigar ibada.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗannan malaman dai su ne suka ce mai aikin lokaci ya cancanci ladansa da zarar ya miƙa kansa ga aiki, ko da ba a ba shi abin yi ba. Saboda haka idan wutar lantarki ta ɗauke, ko inji ya lalace, ko kayan aiki suka yanke, zaman da ya yi ba lalaci ba ne, kuma yanke masa lada zalunci ne. Sau da yawa abin da manaja ke kira kasala, in an bincika, yunwa ce, ko gajiyar tafiyar ƙasa, ko albashin da ya yi wata biyu bai fito ba. A shekarar 2024 doka ta yanke mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 70,000 a wata. Mai kamfanin da ke kewaye wannan ta hanyar riƙe mutane shekara da shekaru a matsayin 'yan aikin yini, ya dubi mudunsa kafin ya dubi na lebura. Hadisi a cikin Sahihul Buhari ya lissafa wanda ya ci gumin ma'aikaci ya hana shi lada cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Ƙissar Annabi Musa (AS) a Suratul Ƙasasi ta haɗa ɓangarorin nan biyu wuri guda. An ɗauke shi aiki a Madyana saboda siffofi biyu, ƙarfi da amana. Shi kuwa dattijon da ya ɗauke shi ya fayyace wa'adi, shekara 8, in ya ga dama ya cika 10, ya kuma yi alkawarin ba zai tsananta masa ba. Aka ruwaito cewa Musa ya cika mafi tsawon wa'adin. Ga ma'aikaci amintacce, ga sharaɗi bayyananne, ga sassauci, sai aiki ya zo da ƙari ba tare da an tilasta ba.

Ko a wajen masu neman riba zalla an ga alamar haka. A kamfanin motoci na Henry Ford a Amurka, a shekarar 1913, sai da aka ɗauki mutum fiye da 50,000 don a riƙe guraben da ba su wuce 14,000 ba, saboda yawan masu gudu. A farkon 1914 ya ɗaga lada zuwa dala 5 a yini, wajen ninki biyu, ya rage awanni daga 9 zuwa 8. Gudu da fashin aiki suka ragu ƙwarai. Abin da shi ya yi don lissafi, mai imani ya fi cancantar ya yi shi don tsoron Allah.

Tsawa da barazanar kora suna motsa hannu muddin ido na kallo. Amana kuwa tana aiki a inda ba helma, kuma ba ta tsira a wurin da ake zalunci. Don haka gyara ya fara daga mai ƙarfi. Ya biya lada cikakke a kan lokaci, ya bayyana wa kowa abin da ake bukata gare shi a yini, ya gyara inji, ya bambanta mai ƙwazo da rago wajen ƙari da girma, domin in ladansu ɗaya ne har abada, mai ƙwazon ma zai yi sanyi. Wanda ya gaza, a kira shi gefe a ji uzurinsa, a koya masa in rashin sani ne. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa jin kalmar ƙyara daga gare shi ba. In an yi duk wannan mutum ya nace da ha'inci, sallamarsa halal ce, bayan an biya shi haƙƙinsa duka.

Shi kuma ma'aikaci ya sani, zaluncin mai gida ba ya halatta masa satar lokaci. Ya nemi haƙƙinsa a fili, ta bakinsa ko ta ƙungiyarsa, ko ya ajiye aikin, amma kada ya ciyar da iyalinsa da ladan awar da bai yi ba. Allah Ya tsarkake abincin kowa, Ya sa a cika mudu. Amin.