Wa za a fara dubawa?

A ƙofar ɗakin gaggawa, wanda ake ce ma urjansi, tambaya guda ce ke haddasa faɗa kullum: wa za a fara dubawa?

Mu mutanen karkara mun saba da layi. A bakin rijiya, wadda ta riga zuwa ita ke fara zura guga. A injin niƙa ma haka ne. Shi ya sa mutum ke jin zafi in ya zo likita tun asuba da kumburin ƙafa, yana zaune har azahar, sai ga amalanke ta kawo yaro a some, aka wuce da shi ciki. Sai ya ce an zalunce shi. Kada a raina zafin nan nasa. Ƙila akuya ya sayar kafin ya samu kuɗin mota, ga gona ya baro cikin haki.

Amma likita ba rijiya ba ce. Kumburin ƙafa zai kai la'asar. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye ma jini, tafin hannunsa ya yi fari fat, ƙila ba zai kai ba. Macen da jini ya ɓalle ma bayan haihuwa tana iya cikawa cikin awa 2. Ma'aikacin da ya tsallake ka ya ɗauke su, aikinsa ya yi. Ran da ɗanka ne bisa amalanken, haka za ka so a yi.

Ku tuna kuma da yawan jama'a. Daga watan 8 zuwa watan 10, lokacin sauro, a Maradi da Damagaram akan kwantar da yara 2 ko 3 a gado guda. A 2006 gwamnati ta ce a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Abin ya ceci yara da yawa. Sai dai kuɗin da za ta mayar ma gidajen likita ya riƙa makara, magani ya riƙa yankewa, aka riƙa miƙa ma uba ordinansi ya tafi farmasi.

To, akwai wani tsallaken layi, shi ne mugun. Mai babbar riga ya sauko daga mota, ya gaisa da majo, ya shige. Ba suma yake ba, sanayya gare shi. In an ba shi gado, wani ne aka hana, kuma wanda aka hana ɗin bai san kowa ba. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Mai jira a waje bai iya rarrabe tsallaken ceto da tsallaken sanayya. In ya ga na sanayya sau ɗaya, ya daina yarda da na ceto. Gobe in matarsa ta fara naƙuda mai wuya, sai ya ce a bari tukuna a gida, tun da can sai mai hanya.

Mu ma ba mu fita ba. Kafin mu hau mota, abin da muke fara tambaya shi ne: wa muka sani can?

Ma'aikaci ba ya da ikon ƙara gado ko magani. Amma yana iya leƙowa ya ce: "Baba, yi haƙuri, yaron nan ya fi ka matsuwa, in na gama da shi sai kai." Dattijon da ya ji haka sau da yawa shi da kansa yakan matsa, ya buɗe ma uwar yaron hanya.