Zaman tare da binciken zuciya

Daga Zabori zuwa Gaya, har a ƙetare gada a shiga Malanbil ta ƙasar Benin, musulmi da kirista sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna gaisawa, suna yi wa juna ta'aziyya. Ana kiran wannan zaman lafiya. Sai dai majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015 sun nuna cewa gaisuwar kasuwa ba ta isa shaida a kan abin da ke kwance a zuci ba.

Labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna ya cancanci malaman makaranta su yi nazarinsa. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, kowannensu yana jagorantar matasan addininsa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuwa ya rasa malaminsa da ƴan uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, kowa yana zargin ɗan uwansa.

Tausayi ne ya buɗe ƙofa: da mahaifiyar Wuye ta kwanta asibiti, Ashafa ya je duba ta. Amma tausayi shi kaɗai bai wanke zukatan ba. Wuye ya faɗa da bakinsa cewa sun yi shekaru suna aiki tare alhali tunanin kashe abokin tafiyarsa bai rabu da shi ba, har sai da wani fasto ya tunatar da shi cewa ba a yin wa'azin Almasihu da ƙiyayya. Shi ma Ashafa huɗubar Juma'a ce ta girgiza shi, wadda ta ambaci yadda Annabi (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi.

Abin lura a nan, babu wanda hujjar abokin gabansa ta rinjaya. Kowa a cikin addininsa ya samo abin da ya tuhume shi. Masu fargabar cewa kusantar juna gauraya aƙida ne (kuma fargabar ba ta banza ba ce) sai su duba: imamin bai bar sallarsa ba, faston bai bar cocinsa ba. Inda suka zama ɗaya shi ne tsoron tsayawa gaban Ubangiji da gaba a zuci. Da wannan suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna, suka shiga tsakanin mutanen Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004.